Tabarau ko kwantak: wanne ya dace da idon mutumin karkara?

Mutum iri uku ne ke tambaya a kan kwantak a garuruwanmu, kuma amsar kowannensu daban take. Akwai matashin da aka auna idonsa aka ce ba ya ganin nesa sosai, aka rubuta masa tabarau, shi kuwa ya ƙi jinin abin, ko don abokai za su laƙaba masa “mai ido huɗu”, ko don kullum la'asar yana filin ƙwallo. Akwai amarya da ƙawayenta da suka ga hotunan bikin 'yan birni a TikTok, idon amarya ya koma ruwan zuma ko ruwan toka, su ma suna son haka ranar kamu. Sai kuma wanda likita da bakinsa ya ce masa tabarau ba zai gyara ganinsa ba. Na ukun nan ba su da yawa, amma sun fi kowa hujja.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kwantak ɗan siririn faifai ne garai-garai, akwai mai laushi akwai mai tauri, faɗin mai laushin wajen milimita 14. Ana ɗora shi da yatsa a kan tantanin da ya lulluɓe baƙin ido, ya zauna a kan hawaye, ya yi aikin da tabarau ke yi. Ni dai a ra'ayina, wanda ke zaune a Gwaram ko Kunchi ko Kafin Hausa, kafin ya tambayi farashi ko ya duba madubi, ya fara duba abu uku na gidansu: ruwan da suke wanke hannu da shi, ƙurar da yake yini a ciki, da kuma tafiyar awa nawa ce tsakaninsa da asibitin ido.

Amma a ba kowa haƙƙinsa tukuna. Duk wanda ya daɗe da tabarau ya san ƙananan wahalhalunsa. A watan Afrilu gumi ya riƙa zamo da shi kan hanci. Ka buɗe tukunya ko ka ɗaga kofin shayi, tururi ya rufe maka gani. Da damina ɗigon ruwa. Alwala sau biyar, kowacce sai ka cire ka ajiye a kan dakali, wata rana kuwa sai wani ya zauna a kai. A sujada yana danna karan hanci. Kwantak ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙari a kan haka, tabarau abin da ke gabanka kaɗai yake gyarawa, abin da ke gefen ido yana nan dishi-dishi, shi kuwa kwantak duk inda ƙwayar ido ta juya yana biye da ita. Ɗan ƙwallo ya san darajar wannan. Haka wanda lambarsa, wato ƙarfin gilashin da aka auna masa, ta yi nisa, irin -8 ko -10: gilashinsa kauri gare shi da nauyi, yana ƙanƙantar da duk abin da ya kalla, har idonsa ma sai ya yi 'yan mitsi-mitsi a bayan gilashin. Wanda kuma idonsa ɗaya -1 ne ɗayan -6, tabarau kan ba shi hoto biyu masu girma daban-daban, ƙwaƙwalwa ta kasa haɗa su, sai ciwon kai da jiri. Kwantak yana rage wannan bambancin sosai.

Shi tabarau babban fifikonsa guda ɗaya ne, kuma a wajena ya rinjayi duk waɗancan: ba ya taɓa ido. Ka wanke shi da ruwan randa, ka goge da gefen riga, iyakar asararka gilashin ya karce. Idan aka yi kuskuren lamba, ka yi fama da ciwon kai na 'yan kwanaki, ka koma a gyara. Kuskuren kwantak kuwa yana iya ƙarewa da hakiya. Sannan tabarau garkuwa ne. Wanda ya taɓa tuƙa babur da magariba a hanyar fadama ya san yadda ƙwari ke faɗa wa ido, haka ƙaiƙayi ranar shiƙa. Akwai gilashin roba mai ƙarfi da ba ya fashewa da sauƙi, ana yi wa yara da masu aikin ƙarfi, akwai kuma mai yin duhu da kansa in an shiga rana. Idan ƙafarsa ta karye ko noti ya kwance, mai gyaran agogo ma zai iya lallaɓa shi.

Don a gane dalilin da ya sa kwantak ke da dokoki da yawa, sai an san wani abu game da tantanin nan na baƙin ido. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa yake garau. Iskar oksijin da yake rayuwa da ita daga waje yake samunta, ta narke cikin hawaye ta shige shi. Duk abin da aka ɗora masa ya shiga tsakaninsa da numfashinsa ke nan. Na farkon da wani likita, Adolf Fick, ya gwada a 1888 da gilashi aka yi shi, ba a iya sa shi sai na ɗan lokaci. Mai laushin da ake yayi yanzu wani masanin haɗa sinadarai ne na ƙasar Cekosulobakiya, Otto Wichterle, ya samo hanyar ƙera shi a 1961, aka fara sayar da shi a Amurka a 1971. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da mai haɗin silikon, wanda iska ke ratsa shi fiye da na da. Duk wannan ci gaban bai kau da dokar farko ba, wato ba a barci da shi. Ido a rufe dama iskarsa kaɗan ce, ga ɗumi, ga danshi, wurin da ƙwayar cuta ke so ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce barci da kwantak yana ninka haɗarin kamuwa da ciwon ido sau shida zuwa takwas. Ƙailula a gindin bishiya bayan azahar barci ce. Gyangyaɗi a mota daga Gumel zuwa Kano ma barci ne. Akwai irin da kamfanoni ke cewa ana iya kwana da shi, amma shi ma haɗarinsa ya fi na wanda ake cirewa kullum dare, kuma ban ga dalilin da zai sa mutumin da asibiti ya yi wa nisa ya gwada ba.

Maganar ruwa ita ce ta fi komai nauyi a nan. Kwantak mai laushi kamar soso yake, duk ruwan da ya taɓa shi sai ya tsotse ya riƙe, sannan ya yini manne da ido. Akwai wata ƙwayar halitta, akantamiba, da ke zaune a ƙasa da rijiya da kogi da tankin ruwa, har da famfon manyan biranen Turai. Muna shan ta ba ta yi mana komai. Amma idan ta maƙale a ƙarƙashin kwantak ta samu ɗan ƙaramin karce a tantanin ido, sai ta fara cin sa. Zafinta ya kan fi abin da ake gani a idon, ta kan yi wuyar ganewa da farko, kuma maganinta watanni ne, a kwanakin farko ma ana ɗiga shi kowace awa, dare da rana. Idan ta ji wuya ta kan dunƙule cikin ɓawo mai tauri wanda maganin tace ruwa ba ya kashewa. Ba cuta ce mai yawa ba, amma a ƙasashen da ake yawan sa kwantak, mafi yawan waɗanda take kamawa masu sa shi ne. A shekarun 1980 a Amurka an gano cewa da yawa daga cikin waɗanda ta kama suna haɗa ruwan gishirin wanke kwantak ɗinsu ne da kansu a gida don su yi tattalin kuɗi.

Saboda haka babu ruwan da ya halatta ga kwantak sai nasa na kwalba. Ba na rijiya ba, ba na burtsatse ba komai haskensa, ba fiya wata ba, don ita an yi ta ne don ciki. Dafaffen ruwa ma bai shiga ba, domin da zarar ya huce a kwano ya sake ɗaukar abin da ke kwanon, kuma ruwan da ba shi da gishiri daidai na hawaye yana sa kwantak ya kumbura ya manne wa ido. Yawu kuwa ya fi duka muni, amma shi ne abin da mutum ke fara kaiwa gare shi in abin ya faɗo masa a hanya.

To ya za a yi da alwala? Abin da aka wajabta wanke fuska ne, ba a ce a shigar da ruwa cikin ido ba, saboda haka mai kwantak ya runtse idonsa sosai, ya tsane fuskarsa kafin ya buɗe. Ana iya yi, sai dai sau biyar ne kullum, da ruwan butar masallaci da ba ka san inda aka ɗebo shi ba. Wanka kuwa a cire tukuna. Iyo a kogin Haɗeja ko madatsar Tiga ko kududdufin bayan gari da damina, wannan babu ma zancensa. Mai noman rani a Kadawa ko Kura, da ke yini a cikin ruwan shinkafa yana fallatsa masa a fuska, shi tun daga nan an gama maganarsa: tabarau. Ko babu kwantak ma, karcen ganyen shinkafa ko na dawa a ido yana kawo wani ciwo mai taurin kai na ƙwayar funfuna, balle an rufe karcen da roba.

Sai hannu. Kafin a taɓa kwantak sai an wanke da sabulu, sannan a busar da shi sarai, don sauran ruwan da ke yatsa shi ne ruwan da muke gudu. Ba da bakin zani za a goge ba, ba kuma da tawul ɗin da duk gida ke amfani da shi ba. Da hunturu kowa hannunsa da basilin, shi kuwa yana bin kwantak ya dusashe shi. Uwargida da ta jajjaga attaruhu da yamma, ko ta wanke hannu sau uku, in ta je cire kwantak da dare za ta ba da labari, kuma in irin da ake sawa tsawon wata guda ne, yajin na iya zama a jikinsa har washegari. Haka kananzir, haka takin zamani.

Ƙura ita ce ta biyu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska ta kan bushe ƙarau, hazo ya sauka, leɓe ma tsagewa yake yi. Kwantak mai laushi yana bushewa a irin wannan iskar, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi, ya kai hannu ya murza, murzar nan kuwa ita ke karce tantanin. Akwai hawayen roba na kwalba da ake ɗigawa, suna taimakawa, amma sai wanda aka rubuta cewa ya dace da kwantak. Ga lokacin ya zo daidai da kaka: sussuka, shiƙa, casa, roron gyaɗa. Mai aiki a injin niƙa, ɗan dako a Dawanau, dillali a karar shanu ta Maigatari ko Wudil, duk tafiyarsu ɗaya. Mai feshin maganin ƙwari ko na ciyawa nasa ya fi tsanani, domin kwantak na iya tsotsar gubar ya riƙe ta a kan ido, kuma ya hana ruwa wanke ta da wuri. Hayaƙin murhu shi ma yana sa ido ja da hawaye.

A nan bari in kore wasu maganganu biyu da ke yawo a WhatsApp. Cewa kwantak yana narkewa a ido in an zauna kusa da wuta, ba gaskiya ba ne. Zafin da zai narkar da shi sai ya fara ƙona fuskar. Cewa yana zamewa ya shige bayan ido ya kai ƙwaƙwalwa, shi ma babu shi, domin fatar da ta rufe farin ido a haɗe take da cikin fatar ido, babu ƙofa. Iyakarsa ya naɗe a ƙarƙashin fatar sama, a ɗiga ruwansa a lallaɓo shi.

Kwalli fa? Ƙa'idar ita ce a fara sa kwantak kafin kwalliya, a fara cire shi kafin a goge ta, kuma kada a zizara komai a gefen ciki na fatar ido. Matsalar ita ce nan ne daidai inda muke zizara kwalli. Garinsa yana gangarawa cikin hawaye ya shige ƙarƙashin kwantak. In kuwa tsinken kwallin na gida ne, uwa da 'ya'ya duk shi suke sawa, to a lokacin afolo an san abin da zai biyo baya.

Idan mutum ya ji duk wannan ya ce shi dai yana so, kuma yanayinsa ya ba da dama, misali malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko ɗalibi a Dutse da ke yini a cikin ɗaki, to sai maganar wane iri.

Na yini ɗaya shi ne ya fi dacewa da mu ta fuskar tsafta, babu tantama. Ka ɓare sabo da safe, ka jefar da dare. Babu ruwan wanki, babu gidan ajiya, babu abin da zai kwana yana tara ƙwayar cuta. Illarsa aljihu. Mai sawa kullum zai ci guda 730 a shekara, kwali mai guda 30 kuwa na ido ɗaya ne na wata ɗaya. Dukkansu daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Daga nan jarrabawar take farawa: mutum ya cire da dare ya ga abin lafiyarsa ƙalau, ya ji ba zai iya jefar da kuɗinsa ba, ya jiƙa shi a murfin kwalba. Wanda ya yi haka ya mai da mafi aminci ya koma mafi haɗari, domin siriri ne, ba a yi shi don wanki ba. Inda yake da ma'ana shi ne ga mai sawa jefi-jefi, ranar wasa ko ranar biki. In lambar idanunsa biyu ɗaya ce, kwali guda zai kai shi fita 15.

Na wata, da ɗan'uwansa na mako biyu, ya fi sauƙi a lissafin farko, na watan guda 24 ne a shekara. Amma aiki gare shi kowane dare. A wanke hannu a busar, a ɗora shi a tafin hannu, a ɗiga ruwansa, a murza shi a hankali da yatsa ciki da baya, a ɗauraye da ruwansa, a sa shi a gidansa cikin sabon ruwa ya kwana. Da safe a zubar da ruwan jiya gaba ɗaya, a ɗauraye gidan da ruwan kwalbar, a kife shi ya bushe. Kada a yi ciko, wato a ƙara sabon ruwa a kan tsoho, domin ƙarfin maganin ya riga ya tafi. Gidan kansa a sauya shi duk wata uku. Watan kuma daga ranar da aka ɓare shi ake ƙirgawa, ko sau huɗu kacal aka sa. Yawancin kwalaben ma a jikinsu an rubuta a zubar da abin da ya rage bayan wata uku da buɗewa.

A takarda duk wannan mai sauƙi ne. Amma a yi tunanin yin sa da tocilan ɗin waya a baki don babu wuta, a ɗakin da ƙura ke sauka a kan komai kafin gari ya waye. In ya suɓuce ya faɗi a kan tabarma, ya tafi. A yi tunanin kwalbar tana yini a ɗakin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Babbar matsalar kuwa ita ce ranar da ruwan ya ƙare, kemis ɗin garin ba ya sayarwa, sai an shiga Kano. A wannan daren ne mutum ke cewa bari dai yau kaɗai ya yi da fiya wata. Ruwan kwalbar ma ba ma'asumi ba ne: a 2006 da 2007 an janye iri biyu daga kasuwannin duniya, ɗaya saboda ciwon funfuna, ɗaya saboda akantamiba, a ƙasashen da ke da famfo da wuta. Akwai wani irin ruwan mai kumfa da ya fi kashe ƙwayoyin cuta, amma yana da gidansa na musamman, sai kwantak ya yi aƙalla awa shida a ciki kafin zafin ya mutu. Wanda ya yi gaggawa ya sa a ido zai ji kamar wuta. Kuma ba shi ne na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis ba, kada a musanya.

Wani abin da masu lissafi ke mantawa: duk mai kwantak dole ya mallaki tabarau. Da dare in ya cire, ranar da ido ya yi ja, ranar da mura ta kama shi, ranar da hazo ya yi yawa, da me zai gani? Ke nan kuɗin kwantak ƙari ne a kan kuɗin tabarau. Shi kuwa tabarau mai kyau, in lamba ba ta sauya ba, zai yi shekara biyu ko fiye ba a ƙara kashe masa ko sisi ba.

Mai tauri labarinsa daban, kuma yawanci likita ne ke zaɓa wa mutum. Ƙarami ne, milimita 9 zuwa 10, ba ya tsotsar ruwa irin mai laushi, iska na ratsa shi, yana kai shekara ko fiye, ganinsa kuma tar yake. Sai dai sabo da shi yana ɗaukar mako ɗaya ko biyu na hawaye, kuma ƙwayar yashi ɗaya in ta shige ƙarƙashinsa sai ka tsaya cak a bakin hanya. Wanda ya fi buƙatarsa shi ne mai wata lalura da tantanin ido ke yin siriri ya turo gaba ya yi tsini. Ta kan fara a shekarun samartaka, kuma tana da alaƙa da yawan murza ido. Yaran nan da ke shekara da shekaru suna fama da ƙaiƙayin ido har farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, a lura da su. Alamarta ita ce lambar tabarau ta riƙa sauyawa akai-akai amma gani bai taɓa fita sosai ba. A nan kwantak mai tauri ya kan yi abin da tabarau ya kasa, yaro ya koma ganin allo. Akwai ma babba da ke zama a kan farin ido, ƙura ba ta shiga ƙarƙashinsa da sauƙi, amma yana da tsada, masu iya aunawa kuma ba su da yawa. Irin waɗannan mutanen, wahalar tsaftar ta cancanta, sai iyali su taimaka da sabulu da tawul na musamman da kwalbar ajiya kafin ta farko ta ƙare.

Yanzu ga amarya. Kwantak mai launi shi ne ya fi shigowa ƙauyukanmu, ta hannun masu kwalliya da masu sayar da kaya a intanet, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Mutane na ɗaukar sa kamar jan baki ko gashin ido na mannawa, tunda babu lamba a jikinsa. Amma a kan ido yake zama kamar kowanne. A Amurka tun 2005 doka ta sa shi cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likita. Idanu ba lanƙwasa ɗaya gare su ba: wanda ya matse yana shaƙe tantanin, wanda ya yi sako-sako yana gogarsa. Masu arhar kan zo da kauri, iska ba ta ratsa su sosai, wasu kuma fentin a sama yake yana gogar ido kai tsaye. Araha ba ta ado. Ramin tsakiyarsa girmansa ɗaya ne, alhali ɗan tsakiyar ido yana buɗewa da dare, shi ya sa gani kan dusashe in duhu ya yi. Sannan a duba ranar: hoda, gam ɗin gashin ido, turaren wuta, kukan rabuwa da gida, tun hantsi har tsakar dare, amarya ta gaji ta kwanta ba ta ma san yadda ake cirewa ba, ga ƙumban roba a yatsu.

Idan mai kwalliya ta ce, “Amarya, buɗe idonki, wannan ruwan zumar zai karɓe ki,” ki tambaye ta, “Anti, daga ina aka ciro shi?” In daga wani ɗan gida ne da ruwa a ciki, ba daga leda a rufe ba, to wata ta riga ki sawa. Abin da ya shiga idon wata ba ya shiga naki, ko da yayarki ce uwa ɗaya uba ɗaya. Wadda ta dage tana so, ta je a auna ta makonni kafin biki, ta sayi na yini ɗaya a wajen masu awon ido, ta koyi sawa da cirewa da hannunta, ta sa don hoto na 'yan awanni ta cire kafin a kai ta ɗaki.

Awon nan ba a tsallake shi. Lambar tabarau ba ita ce lambar kwantak ba, musamman in ta haura 4, domin ɗaya yana nesa da ido ɗayan yana kansa. Ana kuma auna lanƙwasar ido da faɗinsa, a duba hawaye, a juya fatar ido a ga cikinta. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a Kano da Jigawa, inda amodari ya daɗe yana ɓarna: wanda ya bar wa tabo a cikin fatar ido, ko gashin idonsa ya juya ciki, kwantak ba nasa ba ne. Haka mai bushewar ido, da mai ƙaiƙayin da ba ya jin magani. Mai ciwon sukari ya faɗa wa likita tun farko. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA da ke aiki tun 1943, da Asibitin Ido na Makka, da sashen ido na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. A Jigawa akwai Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin mota ko suna awon kwantak, don ba duk mai awon tabarau ke yin sa ba. In shagon kuɗi ne, akwai hukumar da ke yi wa masu awon ido rajista a Najeriya tun 1989, ODORBN, ba laifi ba ne ka nemi ganin takardarsu.

Baba ko Inna da suka haura arba'in, suka fara nisanta Alƙur'ani ko waya daga fuska kafin su karanta, ko zare ya daina shiga allura, su nasu mai sauƙi ne: tabarau na karatu. Amma a je a auna, kada a tsaya ga na faranti a kasuwa, domin a wajen awon ne ake kama hawan jinin ido, wanda ba ya ciwo har sai ya cinye gani.

Nisan asibiti shi ne abu na uku, kuma ga dalilinsa. Akwai ƙwayar cutar da in ta kama tantanin ido a ƙarƙashin kwantak, cikin kwana ɗaya ko biyu take yin gyambo. Mutumin Kano zai hau adaidaita da safe ya ga likita. Mutumin da ke bayan Birniwa ko Guri da damina, hanya ta yanke, sai ya jira. Hakiyar da ta zauna a tsakiyar baƙin ido kuwa tabarau ba ya gyara ta, sai dashen tantani, shi kuma samunsa a ƙasar nan ba ƙaramin aiki ba ne. Saboda haka duk mai kwantak ya riƙe alamun nan: ido ya yi ja, yana zafi, ba ya son haske, gani ya dusashe, ko an ga ɗan farin ɗigo a kan baƙin. A cire nan take a koma tabarau. In bayan 'yan awanni zafin bai lafa ba, ko akwai farin ɗigon, a kama hanya a ranar, ba sai ranar kasuwa ba. Kada a rufe idon da tsumma. Kada a ɗiga nonon mai jego ko ruwan sukari ko ruwan ganye. Kada kuma a karɓi maganin ɗigawa a kemis ba tare da likita ya duba ba, domin wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ja da zafi, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayar cutar tana ƙara samun sarari. Kwantak ɗin da aka cire, da gidansa, da kwalbar ruwan, a ƙulle su a leda a tafi da su, domin daga jikinsu ɗakin gwaji ke iya gano wace ƙwaya ce, a san maganin da za a fara da shi.